Maigida Mai Durƙusawa

Iyayenmu sun ce yau da gobe ta sa allura ginin rijiya. Daniyel ya saba durƙusawa sau 3 kowace rana, shi ya sa ranar da sarki Dariyus ya hana addu'a, gwiwarsa ba ta yi sanyi ba. Sun kuma ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ubangijinmu Yesu ya sunkuya ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza mai bashe shi.

Maigida, 'ya'yanka suna kallonka. Tara iyalinka kowace safiya ku yi addu'a. In ka yi wa uwargida laifi, roƙi gafararta. Wanda ya saba durƙusa wa Allah, tawali'u ba ya yi masa wuya. Ubangiji ya taimake mu. Amin.