Ladan Kuturu: Dillalin Waya da Ribar Mai Talla a Intanet

Ƴan uwa ɗalibai, bara na yi asarar kuɗi a cinikin agogo, na kuma kusa rasa aboki a kai. Daga nan wannan rubutu ya fito. Tambayata ita ce: mutanen nan da muke biya su nemo mana kaya daga Sin ko Dubai ko Kano, don mu saka a WhatsApp da Facebook mu sayar, suna taimaka mana mu ci riba kuwa? In kuma aka yi asara, wuyan wa ya kamata ta hau?

Duk wanda ke karatu a Jami'ar André Salifou ya san yadda aljihu yake idan kuɗin tallafin ɗalibai ya yi jinkiri. Shi ya sa kusan kowa ke da abin da yake tallatawa a waya: wannan takalma, waccan lafaya da turare, wancan cajar salula. Ni ma na ce bari in gwada. Wani ya tura mini lambar wani bawan Allah da ya ce yana da yaro a Guwanzu, babban birnin kasuwanci na kudancin Sin. Aikinsa shi ne ya samo maka kaya a farashin masana'anta daga shafuka irin su Alibaba da 1688, waɗanda mu ba mu jin yarensu, ba mu kuma da hanyar biyan kuɗi a cikinsu. Sharaɗinsa biyu ne. Ka biya jika 10 ka shiga gurup ɗinsa, inda yake saka hotunan "kayan da ke tafiya". Sannan duk abin da ka saya, yana da kashi 10 cikin 100.

Ga lissafin da na yi a takarda a lokacin. Agogo 30, kowane ɗaya sefa 2,500, ya kama 75,000. Zan sayar da kowane 7,500. Na ga riba ta jika 150 tana yi mini murmushi, har na fara tunanin babur.

Ga kuma lissafin gaskiya. La'adarsa 7,500. Kuɗin shiga gurup 10,000. Kuɗin jirgi, da ake auna shi da kilo, haɗe da na duwan, 24,000. Daga Yamai zuwa Damagaram a motar fasinja, 3,000. Jimilla 119,500, wato kowane agogo ya iso hannuna a kusan 4,000. An ce mako uku, sai da aka yi wata biyu da rabi. Da na buɗe kwalin, huɗu ba sa aiki sosai, sai su yi tafiya su tsaya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a makon nan na ga irin agogon nan, da irin hoton nan, a waya wajen mutum shida, duk a cikin garin nan. Ɗaya ya sa 6,000, wani ya sauko 5,000, kafin wata ya ƙare muna ta rububin 4,500. Na sayar da 26, na tashi da 117,000. Ban ma sa kuɗin mega da na kabu-kabu a lissafi ba.

Sai na koma gurup ɗin na duba yawanmu. Mun haura mutum 200. Kowa jika 10. Ka lissafa da kanka: fiye da miliyan 2 sun shiga aljihunsa tun kafin agogo ɗaya ya bar Sin.

Na kai kukana wurin kakana, wanda ya yi shekaru yana dillancin fata da dabbobi, yanzu tsufa ya zaunar da shi a ƙofar gida a Zango. Na ce, "Kaka, dillalai dai ɓarayi ne." Ya yi dariya ya ce, "Kai ja'iri, da kuɗin dillanci aka yi wa ubanka suna. Faɗa mini, yaushe ka biya shi?" Na ce tun farko. Ya ce, "Ina gidansa?" Na ce ban sani ba, lamba kawai gare ni. Ya ce, "To jikana, cinikin biri a sama ka yi. Mu a zamaninmu sai an tafa, mai kaya ya karɓi kuɗinsa, sannan a ba mu la'ada. In saniyar sata ce, ni za a zo a kama."

Maganar nan ta sa na daina zagin dillanci gaba ɗaya, domin garin nan da shi ya ginu. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, Damagaram mahaɗa ce tsakanin Kano da Borno da Agadas da Tarabulus. Unguwar Zango kanta sunanta ya nuna aikinta: nan ayari ke sauka a wajen ganuwar Birni. Baƙon da ya keto Sahara ba ya jin Hausa sosai, bai san wa ke biyan bashi ba, bai san wa ke ha'inci a awo ba. Sai ya sauka gidan fatoma. Fatoma ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa in an ba da kaya bashi. Manyan attajirai irin su Malam Yaro, wanda sunansa ya shahara a ƙarshen ƙarni na 19, sun yi ƙarfi ne saboda suna da wakilai a garuruwa masu nisa da za su saya su sayar da sunansu. Ashe biyan wani ya zama idonka a kasuwar da ƙafarka ba ta kai ba tsohon abu ne a wurinmu, kuma babu aibi a cikinsa.

To mene ne ya bambanta fatoman Zango da mutumin gurup? Na ga abu uku.

Na farko, lokacin biya. Wanda ake biya bayan ciniki ya faɗa, cinsa yana ɗaure da cinka. Wanda ya karɓa tun farko, ya riga ya gama nasa cinikin, saura naka, Allah ya ba da sa'a.

Na biyu, abin da yake sayarwa. Riba a wannan sana'a tamu tana fitowa ne daga rata: na san inda ake samun abu da araha, mai saye bai sani ba. Idan mutum ya sayar wa mutum 200 wannan sanin, a gari ɗaya, a mako ɗaya, ratar ta rufe. Damagaram ba Legas ba ce. Masu kallon tallarmu su ne ƴan ajinmu da ƴan uwanmu da maƙwabta, kuma mutum ɗaya yana da lambar biyar daga cikinmu. Shi mai gurup, kowane sabon mamba ƙarin kuɗi ne a wurinsa, mu kuwa ƙarin kishiya ne. Ko da bai yi mana ƙarya ko ɗaya ba, tsarin da kansa ya sa buƙatarsa da tamu sun juya wa juna baya.

Na uku, wa ke ɗaukar asara. Da na tura masa hoton agogo huɗun nan, amsarsa ita ce, "Haka kasuwa ta gada, a yi haƙuri." Ni kuwa na biya shi ne daidai don ya duba kaya kafin a rufe kwali. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya ci lada, aska kuma ko taɓa ta bai yi ba.

Kada a ce na yi wa kowa kuɗin goro. Ina da yaya mace da ke sayar da atamfa da shadda a waya, kuma tana da mutum a Kantin Kwari a Kano da take biya la'ada a kan kowane turmi. Tana cin riba, ba mai yawa ba, amma tana ci. Yana kiran ta da bidiyo daga cikin shago, ta ga kalar da idonta. In turmi ya zo da tabo, tana mayarwa ta hannun direbobin hanyar Matamaye da Daura, ya canza mata. Ta san shagon ubangidansa, ta san unguwarsu. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka sake rufe su wata da watanni, shi ne ke ce mata, "Hajiya, kar ki turo kuɗi yanzu, hanya ba kyau." Haka ma da naira ta yi ta faɗuwa bayan Yunin 2023, yana faɗa mata canjin ranar kafin ta je wurin ƴan canji. Dubi abin da take saye a wurinsa: kuɗin motar Kano da ta huta, kwana biyu da ba ta bar ƴaƴanta ba, ido mai sanin yadi, da mutumin da zai ce mata kar ta saya alhali shi sai ta saya yake samu. Wannan la'ada ta biya kanta.

Saboda haka amsata ga tambayar farko ita ce: dillali yana taimaka maka ka ci riba idan abin da ya ɗauke maka na wahala da haɗari ya fi abin da ya karɓa, kuma idan asararka tana taɓa shi, ko a aljihu ko a suna. In babu waɗannan, kai ne kasuwarsa.

Saura ɓangaren da ba na son faɗa. Kafin kayan su iso, na karɓi kuɗin mutum huɗu, na nuna musu hoto, na ce kaya na hanya. Ban taɓa riƙe agogon a hannuna ba, amma na rantse musu da ingancinsa. A makarantar zaure mun karanta a Risala cewa an hana mutum ɓoye aibin haja, an kuma yi kashedi a kan sayar da abin da ba ya hannunka. Na san wannan sarai. Duk da haka, da na ga asara ta tunkaro ni, na ɗauki ɗaya daga cikin agogo huɗun nan masu tsayawa, na girgiza shi ya kama tafiya, na kai wa wani abokina ɗan ajinmu. Na ce a raina ai ni ma cuta ta aka yi.

Bayan kwana uku ya same ni a bakin ɗakin karatu. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Abokina, ka san da wannan lokacin da ka ba ni?" Na so in ce haka kasuwa ta gada. Maganar ta zo har bakina, sai na ji muryar wancan mutumin a cikinta. Na ce na sani. Na mayar masa da kuɗinsa a kashi biyu, don ba ni da su a dunƙule. Muna gaisawa har yau, amma bai ƙara tambayata farashin komai ba.

A nan na gane cewa duk mai talla a waya shi ma dillali ne. Ba mu ƙera komai ba, tsakani muke tsayawa, muna cin lada saboda wani ya yarda da idonmu. Duk hukuncin da na yanke wa mai gurup ya hau kaina: na karɓa tun farko, na sayar da hoto, na tura asara ga wanda ke ƙasa da ni. Abin da ya raba mu kawai shi ne ni abokina ya san ɗakina.

Ban daina sana'ar ba, kuma ba na ce wa kowa ya daina. Amma yanzu kafin in tura wa wani ko dala, ina tambayar abu huɗu. Mutum nawa ka ba wannan hajar a garin nan? Nawa za ta iso hannuna, da jirgi da duwan da mota, a rubuce? In ta zo da aibi, wa zai biya? Wa ya san ka a nan da zan iya zuwa in gaishe shi? Wanda ya ji haushin tambayoyin nan ya riga ya ba ni amsa. Nakan fara da kaya kaɗan, guda biyar ko goma, in gani da idona. Ba na kuma karɓar kuɗin kowa sai haja tana hannuna na juya ta gaba da baya.

Da na faɗa wa Kaka waɗannan sharuɗɗa, cewa ya yi, "Tambaya ta huɗun nan, ka tabbata kai ma in an yi maka ita kana da amsa." Allah ya sa mu dace, ya ba mu halak ɗinmu ko kaɗan ce.