Wayarki Ta Mai Da Ke 'Yar Jarida

A da, kafin labari ya fito a Rediyon Kaduna ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, sai edita ya tantance shi. Yau kuwa Facebook da WhatsApp sukan riga rediyo, kowace mai waya ta zama edita. To, wannan amana ce. Ku tuna 2014, lokacin Ebola, saƙo ya bazu a wayoyi wai ruwan gishiri rigakafi ne. Jama'a suka sha, har aka rasa rayuka a Najeriya. Suratul Hujurati, aya ta 6, ta umarce mu da bincike kafin ɗaukar labari. 'Yar uwa, in ba ki tabbatar ba, kada ki tura, ko daga maigida ya fito. Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, amin.