Ɗan Kara-Kara da Shekarar Koyon Zane a Ƙasar Waje

 

Wani dattijo daga unguwar Kara-Kara ta birnin Damagaram ya zo mana da wata matsala wadda ba mu saba jin irinta a zauren ƙungiya ba. Ɗansa ya ci jarrabawar bakaloriya, kuma tun yana ƙarami Allah Ya hore masa hannun zane, har shi ke rubuta wa masu shaguna allon ƙofa. To, sai ga wata makaranta mai zaman kanta a ƙasar Faransa ta amsa masa cewa za ta karɓe shi na shekara guda, ya yi abin da ake kira shekarar share fage, kafin ya nemi shiga babbar makarantar zane. Kuɗin tafiya kuwa babu inda za su fito sai an sayar da gonar da dattijon ya gada a ƙauye. Tambayarsa gajera ce: "Malamai, in sayar ko in hana?" Ba mu ba shi amsa a zaman farko ba, domin mun ga tambayar ta fi ƙarfin i ko a'a.

Wajibi ne mai karatu ya fara sanin mece ce wannan shekara. Asalinta daga wata makaranta ce ta ƙasar Jamus mai suna Bauhaus, wadda aka buɗe a garin Weimar a shekarar 1919, inda wani malami, Johannes Itten, ya tsara darasin farko da kowane ɗalibi zai bi kafin a bar shi ya zaɓi sana'a. Daga nan al'adar ta bazu zuwa Ingila da sauran ƙasashe. A cikinta ɗalibi yana ɗanɗana kome: zanen fensir, fenti, sassaƙa, ɗab'i, ɗaukar hoto, har da saƙa, yana tara ayyukansa a cikin kundi. Wannan kundi shi ne ribar shekarar, domin da shi ake shiga gasar neman gurbi a manyan makarantu. Abin da uba ya kamata ya riƙe shi ne, shekarar ba digiri ba ce. Yaro yana iya gama ta lafiya, ya faɗi gasar, ya dawo gida da kundinsa a hammata, gona kuwa ta riga ta zama ta wani.

Lissafin ma ba ƙarami ba ne. A shekarar 2023 Faransa tana neman ɗalibin waje ya nuna yana da yuro 615 na ci da kwana a kowane wata. Yuro ɗaya kuwa ya ɗara sefa 655, wato fiye da jika 400 ke nan a wata, kusan miliyan 5 a shekara, ban da kuɗin makaranta da na jirgi da na kayan aiki. Sa'an nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, a farkon 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta. Dattijon nan yana da 'ya'ya bakwai, huɗu mata. Duk wanda ya yi karatun farko ya san an umurci uba da adalci a tsakanin 'ya'yansa wajen kyauta. Da wane ido zai dubi sauran shidan ranar da aka sa hannu a takardar ciniki?

Wasu daga cikinmu sun so a rufe maganar tun daga hukuncin sura, su ce zane haram ne, shi ke nan. Wannan gaggawa ce. Abin da aka sani a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanen ƙasar nan, shi ne haramci ya faɗa kan surar mai rai idan cikakkiya ce mai jiki da inuwa, kamar gunki. Wadda aka zana a kan takarda ko bango an sassauta a cikinta, ko da yake barinta ya fi. Itace da gini da rubutu da ado kuwa babu laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne darasin da yawancin makarantun nan ke yi, inda ake tsayar da mutum tsirara, namiji ko mace, ɗalibai su kewaye shi suna zana shi. Wannan batun al'aura ne, kuma babu saɓani a kansa. Mun ce wa yaron ya rubuta ya tambaya ko ana iya yafe masa shi, ya ji amsa tun yana gida.

Amma abin da ya tsaya mana a rai, har ya sa muka ɗauki alƙalami, ya bayyana ne ranar da yaron ya kawo mana kundin da ya aika musu da wasiƙar da ya haɗa da shi. Zanen yana da kyau, ba za mu ɓoye ba. Ga hannun wata tsohuwa da kuturta ta cinye wa yatsu; ga bayan wani saurayi cike da tabon wuƙa; ga matan da ke fasa dutse da rana tsaka. A wasiƙar kuwa ya gabatar da kansa a matsayin ɗan unguwar kutare da 'yan daba, wanda ke neman mai tsamo shi. Muka tambaye shi: tsohuwar nan ta san hannunta ya tafi Turai? Ya yi shiru.

Kowa a Damagaram ya san tarihin Kara-Kara, unguwar da tun asali aka keɓe wa kutare da waɗanda gari ya juya wa baya, ya san kuma ƙungiyoyin samarin nan da ake kira fale da sunan da suka ja mata. Yaron bai yi ƙarya ba. Sai dai ya gane, da basirar da talauci ke koya wa mutum, cewa wahalar maƙwabtansa haja ce mai kasuwa a wajen waɗanda ba su taɓa jin zafinta ba. Idan da wannan aka karɓe shi, da wannan za a yabe shi a aji, kuma shi za a ci gaba da nema daga hannunsa. Shekara guda ta isa ta koya wa saurayi mai shekara goma sha tara ya riƙa duban uwarsa da idon baƙo. Aibin maƙwabci amana ne, kuma iya zane bai sauke wa kowa ita ba.

Kada a ɗauka muna cewa a lulluɓe Kara-Kara da zane don kada a gani. A'isha Macky, haifaffiyar Damagaram a 1982, ta karanci ilmin zamantakewa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, daga baya ta tafi Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis ta ƙasar Senegal ta koyi shirya fim. A 2021 ta fitar da fim mai suna Zinder a kan samarin wannan unguwa, aka nuna shi a ƙasashe da dama. Akwai abin da mu kanmu ba mu so gani ba a cikinsa. Amma a lura da abu biyu: ta fita ne bayan ta yi karatu a gida hankalinta ya nuna, kuma ta daɗe tana shiga unguwar kafin ta ɗauki hoto, har samarin suka tsaya gabanta da saninsu, suna magana da bakinsu.

Akwai kuma darasi a rayuwar Ibrahim El-Salahi na ƙasar Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin addini. Ya yi karatu a makarantar Slade ta birnin Landan daga 1954 zuwa 1957, ya koma Khartum da gwanintar Turawa, ya baje ayyukansa, sai mutanen garinsu ba su ga kansu a ciki ba. Ala tilas ya sake zama ɗalibi a gida, ya koma ga harafin Larabci da adon da ya taso yana gani. Wannan aikin na biyu shi ne ya ɗaukaka shi, har gidan Tate Modern na Landan ya baje tarihin ayyukansa a 2013. Shekarar share fagensa ta gaskiya, a ganinmu, bayan ya dawo ya yi ta.

Mu kuwa me muka rasa? Wanda ya ratsa Birni, cikin ganuwar da Sarki Tanimu ya gina a ƙarni na 19, ya ga zanen da magina suka fitar a fuskokin soraye. Ga dukawa da aikin fata, ga masu zayyanar allon sauka, ga masu ɗinkin aska a wuyan riga. In kuma waje ake so, Zariya ma waje ce, kuma ta fi Yamai kusa da mu. A can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a 1958 don su haɗa abin da Turawa ke koya musu da abin da suka gada, sashen zane kuma yana nan a Jami'ar Ahmadu Bello, sai dai mutum ya ɗaure wa Turanci. Akwai makarantun fasaha a Dakar da Bamako da Abijan, inda Faransancinsa zai yi masa aiki.

Da muka faɗi wannan, yaron ya ba mu amsar da ta kashe mana baki. Ya ce: "Malam, wane magini ne a Birni zai ɗauki ɗan Kara-Kara ya shigar da shi gidan mutane? Su can ba su ƙi cin abinci da ni ba." Lalle ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Mu da muke wa'azin 'yan'uwantaka kowace Juma'a, mu ne muka bar unguwa guda ta zama abin ƙyama shekara da shekaru, alhali kuturta cuta ce mai magani, kuma jikokin masu ita lafiyayyu ne. In yaro ya ɗauki ciwon unguwarsu ya kai kasuwar baƙi, wani kaso na alhakin yana kan waɗanda suka rufe masa ƙofofin gida.

Abin da muka gaya wa dattijon a zama na uku shi ne kada ya sayar da gonar, kada kuma ya yi rantsuwar hana tafiya. Yaron ya yi wannan shekarar a nan, wata huɗu wajen magini, sauran wajen baduku da mai zayyana, ƙungiya ce za ta kai shi ta tsaya masa. Ya sake kundi, ya nemi tallafin karatu cikakke. In ya samu, aka kuma warware batun darasin tsiraici, ya yi istihara ya tafi da albarkar iyayensa. Mun sani sarai gurbin bana zai kuɓuce masa, kuma ba mu da tabbacin wani zai zo baɗi. Wannan nauyi mun ɗauke shi da saninmu.

Magini na farko da muka je wa ya ce hannu ya yi masa yawa. Na biyu ya karɓe shi bayan liman ya sa baki. Sharaɗi ɗaya muka ƙara, cewa ya bi mutanen da ya zana gida-gida ya nuna musu, ya nemi izininsu. Su goma sha ɗaya ne. Tara sun yarda, har saurayin mai tabo ya nemi a sake zana shi ta fuska. Tsohuwar ta daɗe tana duban takardar, sa'an nan ta ce a ba ta abinta, ya cire shafin ya ba ta.