Abin kowa, wa ke tsaronsa? Yawo da ƙafa cikin Birnin Damagaram

Akwai wata tambaya da ta dami kowane gari da kowane ƙauye. Rijiyar gari, wa ke yashe ta? Inuwar da kowa ke zama ƙarƙashinta, wa ya hana a sare ta? Gonarka kai ke noman ta, ba sai an aiko ka ba. Amma abin da aka ce na kowa ne, sau da yawa shi ke fara lalacewa. Waɗansu sun ce tsoron hukuma ne kaɗai ke tsare shi. Waɗansu sun ce a'a, a raba shi, kowa ya san nashi. Kafin mu yi gardama, gani ya kori ji. Akwai wuri a ƙasarmu inda mutum zai taka ya ga ƙarshen kowace magana da idonsa. Wurin shi ne unguwar Birni, cikin garin Zinder, wato Damagaram.

Birni ba a ganin ta bisa mota. In kabu-kabu ya kawo ka, ka sauka bakin unguwa, ka sallame shi. Ka shiga da safe, kafin rana ta yi zafi. Da ka bar kwalta ka yi taku kaɗan, ƙarar babban gari za ta mutu bayanka. Sai ka ji daka, da kukan awaki, da karatun almajirai. Lunguna suna lanƙwasa kamar hanyar tururuwa, waɗansu ko amalanke ba sa ɗauka. Ga tsofaffi bisa dakali. Ga yarinya da tallar fura. Baƙauye ba ya jin baƙunta a nan, don zaman wurin zaman ƙauye ne, ko da yake cikin ɗaya daga manyan garuruwan Nijar yake. Kada ka wuce mutane ba sallama. Mai tafiya da ƙafa ba shi da uzurin mai mota.

Abin da zai fara kama idonka duwatsu ne. Manya-manya, masu sulɓi, wani bisa wani, kamar an tara su da hannu. Akwai gidan da ya jingina da dutse, akwai lungun da ya kewaye shi ya ba shi hanya. Yara na hawa, awaki na hawa. Dutsen nan bai tsaya sama ba, har ƙarƙashin garin ya shimfiɗu, kuma irin wanda ba ya riƙe ruwa ne. Shi ya sa ƙishirwa ta daɗe da sanin Damagaram, har sai da aka jawo ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar sa'ad da Nasara suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder suka kai shi Yamai a 1926.

Bi lungu har ka fito filin fada. Ga gidan Sarkin Damagaram, ga masallaci kusa da shi, ga dogarai da jajayen riguna a ƙofa. Ginin fadar ya kai shekara 170 da ɗoriya, kuma har yau da mai shi a ciki. Ka duba gidajen da ke kewaye. Waɗansu an yi musu zanko a sama, an zana dagi da sauran zane a fuskar zaure. Duk aikin laka ne, da tubali, da azara. Ka riƙe wannan a ranka: laka ba ta zama da kanta. Ginin laka kamar dabba yake, sai ana kula da shi. Kowace shekara sai an yi yaɓe, an toshe tsaga, an gyara indararo. Duk gidan da ka gani tsaye, akwai hannun da ya taɓa shi bara ko bara waccan.

To, yanzu ka tambayi wani dattijo ya nuna maka ganuwa. Sunan unguwar ma daga gare ta ya fito, don birni shi ne garin da aka kewaye da garu. Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta fiye da shekara 30 ya rasu a 1884, shi ya gina ta cikin shekarun 1850. Waɗanda suka gan ta da ƙarfinta sun rubuta cewa tsayinta ya kusa mita 10. A zamanin nan Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai. Ayari na zuwa daga Tarabulus ya sauka a Zango, arewa da Birni, ya wuce Kano. Maƙeran sarki har igwa suke ƙerawa. Amma dattijon ba zai nuna maka komai ba sai guntaye, nan tudu, can tudu.

Me ya sa gidan talaka ya tsaya, ganuwar sarki ta narke? Ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya ne. Bambancin na ga hannun da ke yaɓe. Ganuwa da ƙarfin talakawa da bayi aka ɗaga ta, da umurni, ba da shawara ba. Muddin mai umurnin na da ƙarfi, ana gyaran ta. A 1899 sojan Faransa suka ci yaƙi a Tirmini, yamma da gari. Sarki Amadu Kuran Daga ya fita, suka shiga Zinder, ganuwar ba ta tare kowa ba. Daga nan mulki ya koma bisa tudu, inda Nasara suka gina barikinsu. Babu mai aiko dogari ya ce a fito aikin garu. Babu kuma wanda ya tashi da kansa ya ce bari in yaɓe, don ba wanda ya taɓa jin cewa tashi ce. Ni ban ga laifinsu ba. Wanda kakansa ya ɗauki ƙasa da bulala a bayansa, da wuya ya yi kewar aikin.

Kada ka tsaya nan. Ka ƙetare inda ganuwar take a da, ka ci gaba da tafiya har gidaje su yi ƙaranci, ka fara taka gonaki. In rani ne, ƙasa fara fat, karan hatsi a kwance. Amma ga itatuwa tsaye, ɗaya nan, ɗaya can, da ganye kore shar. Gawo ne. Kowane manomi ya san halinsa: da damina yake kaɗe ganye, ya bar wa hatsi rana, da rani ya tofo ya ba da inuwa. Ƴaƴansa abincin bisashe ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Bisashen su kwanta a gindinsa su bar taki, ganyen da ya zuba shi ma taki ne, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ta fi ta fili.

Sarakunan Damagaram sun san darajar icen nan. Ana ba da labari cewa a zamanin Tanimun, wanda ya sare gawo a bakin ransa, wanda ya datse shi ba dalili a bakin hannunsa. Masu cewa tsoro ne magani, ga hujjarsu nan, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Gawo ya tsaya. Amma ku bi labarin har ƙarshe. Nasara suka yi dokar daji a 1935, gwamnatinmu ta yi tata a 1974. Gawo ya shiga cikin itatuwan da aka hana taɓawa. A idon manomi, icen da ke tsakiyar gonarsa ya zama na gwamnati. In ya sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. To, me mai wayo zai yi? Babban icce ba ya taɓuwa, amma ƙarami ba wanda ya ƙidaya shi. Sai ya zama wajen sassabe ana kashe tsiro tun yana ɗan tsugul, don kada ya girma ya jawo magana. Ga kuma malaman gona na lokacin suna cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal, garmar shanu ta wuce. Tsoro ya tsare tsofaffin itatuwa, ya hana jikokinsu tashi. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, iska ta sami gonaki tsirara.

Abin da ya biyo baya, da yawa cikinku da hannunku kuka yi shi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Maradi da na Damagaram suka fara barin tsiro. In kututture ya tofo, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a rage saura, a bar su su miƙe. Shi ne sassaben zamani. Ba rami, ba ban ruwa, ba kuɗi. Abin ya yi ƙarfi a ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba takobi ne ya tsayar da su ba. Manomi ne ya fara jin cewa icen da ya raina nashi ne, shi zai ci itacen girkinsa, bisashensa su ci ƴaƴan. A 2020 gwamnati ta sa hannu ga takardar doka da ta tabbatar wa manomi wannan haƙƙi.

Ke nan masu cewa a raba sun ci gardama? Kada mu yi gaggawa. Mu juya mu koma cikin Birni, yanzu rana ta yi sanyi, mu sake dubawa.

Lungu ba ya rabuwa. In kowa ya ce gaban ƙofarsa nashi ne ya ja katanga, gawa ma ba ta samun hanyar fita. Filin fada ba ya rabuwa, a nan ake hawan salla. Duwatsun da yara ke wasa bisansu, in aka sayar wa mai fasa tsakuwa, mutum guda zai ci kuɗin wata guda, unguwa ta rasa abin da Allah ya ajiye mata tun kafin a yi sarki na fari. Akwai abin da in an mallaka wa mutum ɗaya ya rayu, kamar gawon gona. Akwai wanda in an mallaka wa mutum ɗaya ya mutu.

Amma ga abin lura. Lungun da ƙofofi ke kallo, sharare yake. Ba dogari ya sa a share ba, ba kuma takardar mallaka gare su ba. Matan gidan nan sun share zuwa nan, na gidan can sun karɓa. Wa zai zubar da shara gaban tsohon da ke zaune bisa dakali, wanda ya san ubansa, ya san kakansa? Kunya ce ke aiki. Yanzu ka bi bayan gidaje zuwa bakin tafki, inda aka haƙi ƙasar gini ruwa ya kwanta. Ba ƙofar da ke kallon wurin, ba mai zama, ba mai wucewa sai da dalili. Nan za ka ga juji, da baƙar leda ta kama kowace ƙaya, da sauro in damina ta yi. Mutanen ɗaya ne. Wanda ya share lungu da safe, shi ne ya aiko yaro da shara nan da dare. Ba halinsa ne ya sake ba, idon da ke ganin sa ne babu.

A ganina kunya ta fi tsoro daraja, don tsoro daga sama yake saukowa, kunya kuwa tsakanin tsara take. Sarki na iya faɗuwa, maƙwabci yana nan. Sai dai kada mu yabe ta fiye da kima. Kunya ba ta da doguwar ƙafa. Inda aka san ka take aiki, kuma gari na ƙara girma, baƙi na ƙaruwa, matasa na bisa babur ba su tsayawa gaisuwa.

Akwai kuma wurin da kunyar ma ta kasa, shi ne gidan gado. Cikin yawonka za ka gamu da shi: babban zaure, zane mai kyau, amma soro ya rufta, tumfafiya ta tsiro a tsakar gida. Ka tambaya, za a ce maka gidan wane ne, attajiri ko malami na da. Magada sun kai ashirin. Wani na Yamai, wani na Kano, wani ya gina na siminti a sabuwar unguwa. Kowa na da rabo, ba mai yarda a sayar, ba mai fidda kuɗin azara. Azarar ma ta yi tsada, don giginya ta yi wuya, magina masu sanin zane kuma suna tsufa. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo, amma wannan ɗakin ba mai kwana ciki. Sau da yawa wata tsohuwa ce ta rage a ɗaki guda daga gefe, ita ke tara kwano in ruwa ya sauko.

A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013. Abin alfahari ne, kuma yana iya jawo baƙi da taimako. Amma gadon duniya, magadansa sun fi ashirin nesa ba kusa ba, kuma ba ɗaya cikinsu da zai kwaɓa laka. Yaɓe lokacinsa bazara ne, watan huɗu da na biyar, kafin hadarin fari. A jiƙa ƙasa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Aikin mutum goma ne na yini uku, da tuwo da goro. Sai dai dole wani ya bi gida gida da ƙafarsa, ya yi sallama, ya faɗi ranar.