Tsohon Keke da Hakkin Mai Hawansa

A ƙasar Bici, inda gona ke manne da gona, keke ba abin ado ba ne. Shi ke kai buhun gero kasuwar Badume, shi ke ɗauko taki, shi ke kai yaro makaranta. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, mutane da yawa suka jingine babur, suka kakkaɓe kekunan da suka daɗe a zaure.

A ɗauki misalin wani magidanci da ya gaji Raleigh daga mahaifinsa. Da kuɗin gyaɗa tsohon ya saye shi, tun ana ciniki da fam da sule, watau kafin naira ta zo a 1973. A birnin Nottingham na Ingila asalin kamfanin ya ke, can ɗin ma an daina ƙera keke tun 2002. Yau ga keken a gindin darbejiya wurin mai gyara, ɗan magidancin kuwa na cewa, "Baba, a haƙura da shi haka nan, a sayi sabo." Uban ya ce abin da mahaifinsa ya bari ba ya zama kayan 'yan gwangwan yana raye.

Kowannensu yana da hujja, kowannensu kuma yana da abin da ya ɓoye. Yaron ya ce lissafi ya ke yi, alhali kunyar abokansa ce ta fi damunsa, gama sun sa wa keken suna. Kunya irin wannan ba ta isa dalilin zubar da abu mai amfani ba. Addini ya hana almubazzaranci, kuma faci goma ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, balle sabon keke.

Maganar uban ita ta fi wuyar warwarewa, domin ta yi kama da biyayya. To, amma mene ne ya rage na mahaifin nasa a jikin keken? An sake taya ba adadi. An sake sarƙa, da feda, da birki, sirdin ma na uku ke nan. Masanan Girka na dā sun yi irin wannan gardama a kan wani jirgin ruwa da aka riƙa sake katakonsa ɗaya bayan ɗaya, har suka rasa ko shi ne na farko ko wani ne dabam. Mai gyaran keke bai san wannan labari ba, amma yana da amsa. A wurinsa keke shi ne gangar jikin nan ta ƙarfe da kome ke rataye a kanta. Muddin tana da lafiya, a yi ta gyara, da tsohuwar zuma a ke magani.

Sai dai a wannan karo ya kifa keken, ya kankare fenti a wuyansa, ya nuna wa uban tsaga siririya kamar gashi. Walda za ta rufe ta, ba za ta mayar wa ƙarfe ƙarfinsa ba. A nan ne tambaya ta bar keke ta koma kan mutum. Wa zai hau? Ba mamacin ba ne, shi addu'a da sadaka ya ke bukata. Ba uban ba ne, gwiwa ta hana shi. Yaron ne zai ɗora buhu a kariya, ya hau titin Kano zuwa Katsina, manyan motoci na wucewa ta gefensa. Idan wuyan ya karye a can, shi zai biya kuɗin biyayyar da wani ya yi. Mutum yana da ikon jure wahala saboda tunawa da iyayensa, amma ba shi da ikon ɗora ta a kan ɗansa. Sau da yawa ma rowa ce ta ari rigar biyayya, mai ita bai sani ba.

Magidancin ya daɗe yana shafa wurin tsagar da ɗan yatsa. Sa'an nan ya ce a kwance masa ƙararrawar da kariyar, gama su kam na tsohon ne tun asali, a ɗaura su a kan wanda za a saya bayan kaka. Gangar jikin kuwa ya hana a kai ta sikeli. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya nufi gida da ita.