Taklifi da Nauyin Kare Yaro a Ƙasar Yauri

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Yauri, sun gina hukuncin laifi a kan taklifi, wato matsayin da mutum yake kaiwa idan ya balaga kuma hankalinsa ya cika, har shari'a ta ɗora masa umarni da hani. Kafin nan ba a tsayar masa da haddi sai dai ladabtarwa, idan kuwa alamomin balaga ba su bayyana ba, sanannen zance shi ne a jira ya cika shekara 18. Kundin dokokin laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, shi ma ya ɗauke laifi daga yaron da bai kai shekara 7 ba, ya kuma rataya hukuncin wanda bai kai 12 ba a kan ko ya fahimci sakamakon abin da ya aikata.

Sai dai nauyin da aka sauke daga kan yaro ba ya ɓacewa, yana komawa ne wuyan waliyyinsa, hukuma kuwa a fiƙihu ita ce waliyyin wanda ba shi da waliyyi. Saboda haka haƙƙinta na ladabtar da yaro ya samo asali ne daga wajibinta na kare shi, kuma da wannan wajibin ya kamata a fara auna ingancin kowace doka.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, amma sai a 2022 Gwamna Atiku Bagudu ya sa hannu a kan ta Jihar Kebbi, a lokacin da wasu 'yan matan Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, da aka sace ranar 17 ga Yuni 2021, suke hannun 'yan bindiga, na ƙarshensu ma ba su kuɓuta ba sai a 2023. Wannan ya nuna cewa rubutacciyar doka ba ta tsare makaranta, haka kuma ba ta amfanar yaron da ya taso a ƙauyen masunta na bakin Tafkin Kainji ba tare da takardar haihuwa ba, domin duk kariyar da ta tanada ta dogara ne a kan shekaru, wanda kuwa aka ƙiyasta shekarunsa da ido yana iya kwana ɗaki ɗaya da manyan masu laifi.

Ingancin dokar yana rataye ke nan a kan rajistar haihuwa, da kotun iyali mai zama, da gidan gyaran tarbiyya na kusa, domin waliyyin da ya gaza wajen tsaro ba shi da hujjar tsanantawa wajen hukunci.