Wanda Ya Riga Zuwa Wata, Shi Ne Mai Shi?



Kwanakin baya muna darasin azumi a Islamiyyarmu ta nan Rurum Sabon Gari, na zo kan batun ganin wata, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, na ji a rediyo wai Amurka za ta koma wata ta yi gini. To in sun yi, watan ya zama nasu ke nan?" Ajin ya kwashe da dariya, har da ni. Amma da na koma gida tambayar ta ƙi barina, domin kuwa a kanta manyan ƙasashe suke ja-in-ja.

Daga 1969 zuwa 1972 mutum 12 ne suka taka doron wata, dukkansu maza 'yan Amurka. Wancan zuwan gasa ce da Tarayyar Sobiyet: aka kafa tuta, aka kwaso duwatsu, aka dawo. Wannan karon abin da ake hari ruwa ne. Masana sun gano ƙanƙara a cikin wasu ramuka na can kudancin wata, inda rana ba ta taɓa leƙawa. Ruwan nan za a sha, za a fitar da iskar numfashi daga cikinsa, har da makamashin roka. Shi ya sa Indiya ta sauke na'urarta kusa da wurin a 2023, Sin ta ɗebo ƙasa daga bayan wata a 2024 ta kuma ce za ta kai mutanenta nan da 2030, Amurka kuwa ta kafa shirin Artemis. Ramukan ba su da yawa, wanda ya riga kuwa shi zai zaɓi mai kyau.

Kada ki ce ina ruwanmu. A watan Disamba na 2022, a Washinton, Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis, kuma ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, shi ya sa mana. Tun 1967 akwai yarjejeniyar duniya da ta hana kowace ƙasa ta ce wata mallakarta ne. Ita ta Artemis ba ta musa wannan ba, sai dai ta ce haƙo abin da ke cikin wata ba mallakar wata ba ne, ta kuma yarda mai aiki ya shata wa wurin aikinsa iyaka don kauce wa haɗari. Tun 2015 ma Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta ikon mallakar abin da suka haƙo a can. Wato rijiyar ta kowa ce, guga da igiya kuwa na mutum ɗaya.

Sai na tuna da babin raya mataccen fili a fiƙihu. Wanda ya sami dajin da ba na kowa ba, ya share, ya haƙa rijiya, ya shuka, shari'a ta ba shi. Kuma akwai adalci a nan, don wahala ba ta tafiya a banza. Wanda ya kashe dukiyarsa ya sa ransa a haɗari ba za a daidaita shi da mai kallo ba. Amma malamanmu na Malikiyya sun ɗaura masa sharaɗi. Idan filin yana kusa da gari, inda jama'a ke kiwo da yin itace, sai da izinin shugaba. Wanda kuma ya haƙa rijiyar dabbobi a daji shi ne farkon sha, amma ba shi da ikon hana wasu abin da ya rage, saboda hadisi ya tabbatar da tarayyar mutane a ruwa da ciyawa da wuta. Kin ga rigaye yana ba mutum gaba a layi, ba ya ba shi ikon rufe layin.

Mu mutanen ƙasar Rano ba sai an kai mu sama ba kafin mu gane wannan. Ga madatsar Tiga nan kusa da mu, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina aka gama a 1974. Alherinta a fili yake, kowa ya san shinkafa da tumatir da alkamar Kadawa da Kura. Amma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu. Babu takardar da ta ce kogin na Kano ne, har gobe na kowa ne. Sai dai mai riƙe da ƙofar ruwa shi ke yanke ranar da na ƙasa zai sha. Na faɗi wannan ina cikin waɗanda suka ci moriyar, ba don ina zargin kowa ba.

Ni ba na cikin masu cewa zuwa wata ɓarnar kuɗi ce. Mu ma mun harba tauraron ɗan'adam na farko a 2003, kuma hasashen damina da ake karanta wa manoma a rediyo da irin waɗannan taurari ake yin sa. Abin da ya dame ni shi ne sharaɗin nan na izini. A Tiga, ko ba komai, akwai gwamnatin da mutumin Haɗeja zai kai wa kuka. A wata fa? Masu zuwa su ne masu rubuta ƙa'ida, su ne kuma masu fassara ta. An yi ƙoƙari a 1979 a ayyana albarkatun wata a matsayin gadon 'yan Adam baki ɗaya, amma Amurka da Rasha da Sin babu wadda ta shiga. Tunda sunanmu yana cikin takardar Artemis, haƙƙinmu ne mu tambayi wakilanmu abin da suke faɗa a wurin game da rabon wanda bai iso ba tukuna.

Washegari na ce da yarinyar a doka dai wata ba ya zama na kowa, ko an yi gini a kansa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Malama, in sun ƙi bin dokar, wa zai hau ya sauko da su?" Wannan karon ba wanda ya yi dariya a ajin.